Bishiyar Fayiloli da 'Yan Hotunan da Ke Rataye a Rassanta

 

Shugaban wannan zama, malamaina da ke sahun gaba, 'yan uwana masu sana'ar kwamfuta, da ku ɗalibai maza da mata, barkanku da zuwa. Batun da aka ba ni ƙarami ne a ido: yadda ake kashe 'yan hotunan nan da wasu manhajoji ke jerawa a gefen sunayen fayiloli idan mutum ya nemi ganin bishiyar foldodinsa a baƙin allo, wato taminal. Umarnin da ke kashe su gajere ne, zan kuma faɗe shi kafin mu tashi. Amma wanda ya haddace umarnin kawai, ranar da ya sauya manhaja zai koma gidan jiya. Abin da nake so ku tafi da shi shi ne sanin inda hoton yake fitowa, da abin da ya sa yake bayyana a kwamfutar wani ya ƙi bayyana a ta wani, da kuma wanda ke shan wahala idan aka bar shi a kunne.

Mu fara da bishiyar kanta. Ajiye fayiloli folda cikin folda tsohon tsari ne. Tun shekarun 1960 aka yi shi a tsarin Multics a Amurka, sannan Unix, wanda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara ginawa a ɗakunan bincike na Bell a 1969, ya gaje shi ya yaɗa shi. Da DOS ya karɓi wannan tsari a fitowarsa ta 2.0 a 1983, tare da shi aka kawo umarnin TREE, wanda har yau yana nan a Windows. A ɓangaren Linux kuma akwai `tree` wanda Steve Baker ya rubuta. Aikinsa guda ne: ya fara daga foldar da kake ciki, ya bi kowane reshe, ya rubuta suna ƙarƙashin suna, ya ja 'yan layuka a gefen hagu domin ido ya gane wane ne ke cikin wane, a ƙarshe ya gaya maka yawan foldodi da fayilolin da ya gani. Babu hoto ko ɗaya a cikinsa. Mutane sun shekara da shekaru suna gudanar da manyan ayyuka da shi a haka.

Daga baya wasu matasan masu rubuta manhaja suka fito da sababbin kayan aiki, yawancinsu da harshen Rust. Benjamin Sago ya rubuta `exa`, da aikin ya tsaya sai wasu suka ɗauke shi a 2023 suka ci gaba da shi da sunan `eza`. Akwai `lsd`, akwai `broot` na Denys Séguret. Dukansu suna iya zana bishiya, kuma ina faɗa da zuciya ɗaya cewa aiki ne mai kyau. Suna da launi mai ma'ana, suna nuna girman fayil yadda mutum zai karanta ba tare da lissafi ba, wasunsu suna gaya maka fayil ɗin da ka taɓa tun bayan ajiyarka ta ƙarshe a Git. Cikin abubuwan da suka zo da su har da 'yan hotuna: hoton folda a gaban folda, hoton maciji a gaban fayil ɗin Python, hoton makulli, hoton takarda. Wanda ya gani a bidiyon koyarwa sai ya yi sha'awa, ya sauke manhajar, ya buga umarni, sai ya ga jerin 'yan akwatuna marasa komai a ciki, ko alamar tambaya cikin baƙin lu'ulu'u, a daidai inda mai bidiyon yake da hotuna. Nan ne ɗalibi yake fara zaton kwamfutarsa ce ta lalace, ko shi ne bai iya ba.

Kwamfutar lafiyarta ƙalau. Ga abin da ke faruwa.

Baƙin allo a asalinsa bai san hoto ba. Fili ne da aka yanka gida-gida, layi bisa layi, kowane gida harafi ɗaya yake ɗauka. Tsoffin na'urori irin VT100 ta 1978 gida 80 suke da shi a layi, kuma wannan awo ya bi mu har yau. Saboda haka abin da kake gani kamar hoton folda harafi ne, kamar yadda b da k suke haruffa. Manhajar lamba kawai take aikawa. Taminal ya karɓi lambar, ya buɗe kundin haruffan da aka ɗora masa, wanda masu buga takardu ke kira font, ya nemi zanen da ke kan wannan lamba. In ya samu ya zana. In bai samu ba ya zana akwati.

Mu Hausawa ba baƙi ba ne ga wannan akwati. Duk wanda ya taɓa rubuta ƙasa ko ɗaki ko ɓera a tsohuwar waya ya aika wa wani, ya san yadda harafi mai lanƙwasa ke komawa akwati a hannun mai karɓa. Sai dai akwai bambanci babba tsakanin matsalarmu ta da da wannan, kuma a kan wannan bambanci laccar nan ta tsaya. Haruffanmu suna da mazauni na dindindin a tsarin Unicode, wanda aka fara fitarwa a 1991 domin kowane harafi na kowane harshe ya samu lambarsa. Ƙaramin ƙ yana U+0199, ɗ yana U+0257, ɓ yana U+0253. Wannan lamba ɗaya ce a Kano da Zinder da Tokyo. Idan waya ta kasa zana ƙ, gazawar kundin haruffanta ce, kuma ko a lokacin rubutun bai ɓace ba: ka tura saƙon zuwa wata na'ura mai cikakken kundi, ƙ zai fito ƙ. Shi ya sa matsalar ta ragu da kanta yayin da wayoyi suka inganta.

Hoton folda na baƙin allo ba shi da irin wannan mazauni. A cikin Unicode an ware wani yanki, daga U+E000 zuwa U+F8FF, gurbi 6,400, aka ce wannan na amfanin kai ne, hukumar Unicode ba za ta taɓa ba wa ko ɗaya daga cikinsu ma'ana ba, kowa ya sa abin da yake so. Akwai wasu manyan yankuna biyu irinsa can gaba, kowanne da gurbi 65,534. To a nan ne aka zuba hotunan. Wani aiki mai suna Nerd Fonts, wanda Ryan McIntyre ya fara, yana ɗaukar kundin haruffa na yau da kullum ya cusa masa dubban zane-zane da aka tattaro daga Font Awesome da Devicons da Octicons da Powerline da sauransu, kowanne a kan wata lamba ta wannan yanki. Masu rubuta `lsd` da `eza` sai suka rubuta a cikin manhajarsu cewa folda lamba kaza, fayil ɗin Python lamba kaza, bisa dogaro da cewa kai ma ka ɗora irin wannan kundi.

Abin ya yi kama da shaidar da ɗan kasuwa ke yi wa buhunansa a Dawanau. Ya ja layi biyu da ɗigo a jikin buhu, shi da yaronsa da direbansa sun san nufinsa. Buhun in ya faɗa hannun wanda ba ya cikin maganar, alamar ba ta gaya masa komai, kuma yana yiwuwa wani ɗan kasuwar a rumfa ta gaba yana amfani da wannan alamar da wata ma'ana dabam. Haka yankin nan yake. Lamba ta ƙarshe a cikinsa, U+F8FF, a na'urorin Apple tambarin kamfanin take nunawa, a wasu na'urorin akwati. Ɗigon da Microsoft Word ke sawa a farkon jeri, sau da yawa yana zaune ne a U+F0B7, shi ya sa in ka kwafe jerin ka liƙa a wani wuri yake rikiɗewa. Babu mai laifi a nan, domin tun farko babu alkawarin da aka yi wa kowa.

Akwai wani abu da ya faru wanda ya kamata ku sani, musamman ku da ke karanta Larabci da ajami. Da hotuna suka yi yawa, wani rukuni nasu, na Material Design, an zuba shi daga U+F500 har zuwa U+FD46. Ku lura, yankin amfanin kai a U+F8FF ya ƙare. Wato an tsallake iyaka an shiga gonar mutane: gurabun da Unicode ya ba wasu haruffan Sinanci, da na Ibrananci da Armeniyanci, da kuma wani sashe na siffofin haruffan Larabci da ke farawa daga U+FB50. Mai irin wannan kundi, in rubutu ya zo masa da ɗaya daga cikin waɗannan haruffa, hoto zai gani a madadin harafi. Masu aikin Nerd Fonts sun gyara wannan a fitowa ta 3.0 a 2023, suka kwashe rukunin gaba ɗaya zuwa ɗaya daga cikin manyan yankunan nan biyu, suka fara jera shi daga U+F0001. Gyara ne da ya dace, na kuma yaba musu. Amma ku dubi abin da ya biyo baya: duk manhajar da ke aika tsoffin lambobi ta koma nuna akwati ga mai sabon kundi, wadda ta koma sababbin lambobi kuma ta koma nuna akwati ga mai tsohon kundi. Harafin ƙ bai taɓa tashi daga gidansa ba tun da aka ba shi. Hoton kuwa an tashe shi a fitowa guda.

Yanzu mu zo ga waɗanda abin ke shafa, domin ba don tarihi kawai muka taru ba.

Na farko shi ne mai shiga saba daga nesa ta hanyar SSH. Mutane da yawa suna ɗora Nerd Font a kan sabar, suna mamakin me ya sa akwatunan ba su tafi ba. Sabar lambobi kawai take turowa. Zanen a na'urar da ke gabanka ake yin sa. Don haka in ku biyar ne ke kula da saba ɗaya, kai ka kunna hotuna a saitin da kowa ke amfani da shi, ka ɗora wa mutum huɗu aikin neman kundin haruffa wanda ba su roƙa ba. Ranar da babbar matsala ta faru kuma, aka rasa hanyar shiga daga nesa, aka jona allo kai tsaye a jikin na'urar, to wannan baƙin allo na asali na Linux zane 256 yake iya riƙewa, in an matsa 512. Dubban hotuna ba su da wurin zama a ciki. A daidai lokacin da ka fi buƙatar ganin sunayen fayiloli sarai, a lokacin ne allon zai cika da tarkace.

Sai ɗalibin da ke koyo a waya. Na san da yawa daga cikinku ba ku fara da kwamfuta ba, da Termux kuka fara a wayar Android, kuna buga umarni da babban yatsa. Allah ya yi wa ƙoƙarinku albarka. A can ma ana iya ɗora kundin, a ajiye shi da sunan `font.ttf` cikin foldar `.termux`. Amma allon waya ƙunci gare shi. Kowane hoto yana cin gida ɗaya ko biyu, da tazarar da ke bayansa, ga kuma layukan bishiyar da ke cin gida huɗu a kowane mataki. Ka sauka mataki biyar, sunan fayil ɗin ya fara karyewa zuwa layi na biyu, siffar bishiyar ta watse. Ga kuɗin data na sauke kundi mai nauyi. Kwalliyar ba ta biya kuɗin sabulu ba.

Akwai kuma lokacin da rubutun zai bar allonka, kuma wannan ya fi kowanne yawan faruwa. Ka kwafi bishiyar aikinka ka tura wa malami ta WhatsApp, ko ka sa a rahoton kammala karatu, ko a takardar bayanin manhajarka. Kai a wajenka tsaf take. Mai karɓa akwatuna zai gani, domin kundinka bai bi saƙon ba. Ɗalibi zai iya miƙa aiki mai kyau, ya zo wa mai dubawa a hargitse, alhali ba a aikin matsalar take ba.

Wanda na fi so ku riƙe a zuciya shi ne ɗan uwanmu makaho. Baƙin allo na daga cikin wuraren da makaho yake aiki kafaɗa da kafaɗa da mai gani, domin komai rubutu ne, manhajar karanta allo irin NVDA a Windows ko Orca a Linux tana furta masa, ko na'urar rubutun makafi ta fito masa da shi a ƙarƙashin yatsu. Harafin da ke yankin amfanin kai ba shi da suna, ba shi da lafazi. Manhajar ko dai ta tsallake shi, ko ta furta abin da ba shi da ma'ana, a farkon kowane layi, layi ɗari in fayilolin ɗari ne. Hoton bai ƙara masa komai ba, ya dai tsawaita masa hanya. Idan kana shirya kwamfutocin ɗakin koyarwa, ba ka san wanda zai zauna a kujerar gobe ba.

Na ƙarshe ba mutum ba ne, wata manhajar ce. Ƙarfin Unix tun 1973, lokacin da aka shigar da bututu bisa shawarar Doug McIlroy, shi ne abin da wannan umarni ya fitar ya zama abincin wancan. Ka ce a jero fayiloli, ka tura wa `grep` ya tsamo waɗanda sunansu ya fara da rahoto. In akwai hoto a gaban kowane suna, babu layin da ya fara da rahoto, `grep` zai dawo hannu wofi, kai kuma ka ɗauka fayilolin ba sa nan. Masu rubuta waɗannan manhajoji sun san da haka, shi ya sa suka yi matsayi uku: `always`, `auto`, `never`, wato kullum, gwargwadon hali, da ko kusa. A matsayi na tsakiya manhajar tana dubawa: in allo take rubutawa ta sa hoto, in bututu ne ko fayil ta cire. Matsalar tana zuwa ne daga wanda ya kwafo saitin wani daga intanet mai ɗauke da `always` bai san abin da ya kwafo ba.

To yaya ake kashewa? A `lsd`, wadda take zuwa da hotuna a kunne tun daga farko, ka rubuta:

`lsd --tree --icon never`

A `eza` kuma:

`eza --tree --icons=never`

Ku lura da bambancin: ɗaya `icon`, ɗaya `icons`. Wannan harafi guda ya ɓata wa mutane lokaci mai yawa. Ita `lsd` tana da `--classic` wanda ke cire hoto da launi gaba ɗaya. Tana kuma da `--icon-theme unicode`, wanda ke amfani da hotunan da Unicode ya yi wa rajista, irin waɗanda kuke gani a saƙonnin waya. Waɗannan sun fi aminci wajen tafiya daga na'ura zuwa na'ura, ko da yake faɗinsu gida biyu ne, kuma ba kowane taminal ke auna su daidai ba.

Wannan na sau ɗaya ne. Mai son abin ya zauna sai ya nemo inda aka kunna shi, kuma a nan ne nake so ku koyi bin sawu. Ita `eza` ba ta sa hoto sai an ce ta sa. Don haka in kana ganin hotuna ba ka nema ba, wani ya nema a madadinka. Buga `type ls`, ko `type` da sunan duk umarnin da kake amfani da shi. Sau da yawa za ka tarar laƙabi ne aka yi a cikin `.bashrc` ko `.zshrc`, an ce duk lokacin da ka rubuta `ls` a kira `eza --icons`. Wataƙila kai ka liƙa shi wata shida da suka wuce, wataƙila ya zo cikin wani kunshin saiti da ka sauke. Buɗe fayil ɗin, goge kalmar, buɗe sabon taminal. In laƙabin ba shi da laifi, duba ko an saita `EZA_ICONS_AUTO` a muhallin taminal ɗinka, domin kasancewarsa kawai ya isa ya kunna su. In kana sauri kana son ainihin umarnin ba tare da laƙabi ba, rubuta `command ls`.

Ita `lsd` fayil ɗin saiti gare ta, a `~/.config/lsd/config.yaml`. A ciki akwai sashen `icons`, ƙarƙashinsa `when`. Mayar da shi `never`. Ku kula da tazarar farkon layi, domin YAML da tazara yake gane abin da ke ƙarƙashin wani. Kafin ka taɓa komai ma kana iya gwada `lsd --ignore-config`, ka ga yadda take ba tare da saitinka ba. A `broot` layin `icon_theme` ne a fayil ɗin saitinta. Cire shi, hotuna sun tafi. Akwai wani bambanci da ya cancanci a sani: laƙabi ba ya bin ka cikin rubutaccen shirin bash da ke gudana shi kaɗai, amma fayil ɗin saiti yana bi. Wanda ya rubuta `always` a fayil ɗin saiti ya sa hoto a duk inda manhajar za ta yi aiki da sunansa, har da aikin da ke tashi da tsakar dare ba kowa a wurin.

Wani zai ce ai akwai `NO_COLOR`. Akwai, tun 2017 aka fara wannan yarjejeniya, manhajoji da dama suna girmama ta. Amma launi kawai ta shafa. Hotuna ba su da irin wannan makunni guda da kowa ya yarda da shi, kowace manhaja da nata, kuma a ganina wannan giɓi ne da ya kamata a cike.

Ba kowace ɓarna a allo ce ta hotuna ba, kada ku sha maganin da ba na ciwon ba. In akwati kake gani a gaban suna amma layukan bishiyar lafiya, kundin haruffa ne. Kana iya tabbatarwa da `printf '\ue0b0\n'`: in kibiya mai kauri ta fito mai yiwuwa kana da kundin, in akwati ne ba ka da shi. In kuwa su kansu layukan sun koma wasu haruffa irin â da œ, wannan wani ciwo ne dabam. Rubutun da UTF-8 aka aiko shi, tsarin da Ken Thompson da Rob Pike suka tsara a 1992, inda alamar reshe guda take cin bayit uku, mai karɓa kuma yana karanta kowane bayit a matsayin harafi mai zaman kansa. Kashe hotuna ba zai warkar da wannan ba. Duba `locale`. In kuma ba ka da iko da na'urar mai karɓa, koma wa abin da ba ya ƙin kowa: `tree --charset=ascii` a Linux, ko `tree /F /A` a Windows. Za a zana rassan da sanda da karan ɗori na ASCII, tsarin haruffa 128 da ke nan tun 1963. Ba shi da ƙawa, amma babu na'urar da za ta kasa nuna shi.

Na san akwai mai cewa a ransa: malam, hotunan nan suna taimaka mini, ido na saurin gane folda daga fayil. Gaskiya ne, ban musa ba. A kwamfutarka, da kundinka, kai kaɗai, sa abin da ranka ke so, babu mai hana ka. Sai dai ka tambayi kanka wane labari hoton ya ba ka wanda babu shi a rubutun. Fayil ɗin da ya ƙare da `.py` ya riga ya gaya maka na Python ne, daga wannan ƙarshen sunan ma manhajar ta zaɓo hoton, ba ta buɗe fayil ɗin ta duba cikinsa ba. Folda kuma a bishiya rassanta sun nuna ta. In babu komai cikinta, ƙara `-F`, za a sa mata karkatacciyar sanda a ƙarshen suna, a sa tauraro ga fayil mai gudana, kuma waɗannan alamu suna shiga WhatsApp, suna shiga takarda, manhajar makaho tana furta su. Hukuncina shi ne: hoto abu ne da mutum zai kunna wa kansa da saninsa, a matsayin `auto`. Kada ya zama abin da ake tarar da shi a kunne, kada kuma a rubuta `always` a wurin da wani zai gada. A wannan fuska na fi ganin daidai a tsarin `eza` da `broot`, da suke zuwa a kashe, fiye da na `lsd`, duk da ina ganin ƙimarta.

Dalilin da ya sa na damu da wannan har na tsaya a gabanku shi ne, cikinku akwai waɗanda za su rubuta manhajojin da wasu za su yi amfani da su. Tun ran gini, ran zane. Saitin da ka sa a matsayin na asali shi yawancin mutane za su zauna da shi har abada, domin kaɗan ne ke buɗe fayil ɗin saiti. In ka gina bisa zaton kowa yana da irin kwamfutarka da irin kundinka da irin idonka, ka rufe ƙofa ga mai tsohuwar na'ura da mai waya da makaho, ba tare da ka taɓa ganin fuskarsu ba. Mu da muka yi shekaru muna jiran a gyara na'urori su iya rubuta sunayenmu daidai, bai kamata a same mu muna ɗora wa wasu akwatin da muka yi kuka da shi ba.

Ina roƙon malamai masu shirya ɗakunan kwamfuta su bar hotunan a kashe a na'urorin da ɗalibai ke rabawa. Masu rubuta darasi da masu yin bidiyo, in allonku yana da hotuna ku faɗa tun a farko cewa kundin haruffa na musamman kuka ɗora, ku nuna yadda abin yake ba tare da shi ba, kada yaro ya kwana yana zargin kansa. Ku kuma ɗalibai, yau in kun koma ku buga `type ls`, ku buɗe fayilolin saitinku ku karanta layi bayan layi, duk layin da ba ku san aikinsa ba ku bincika kafin ku bar shi. Kafin ku tura wa kowa bishiyar aikinku, ku sake fitar da ita da `never`.